A Kan Me Za A Buga?

A shekarar 1965 jami'an kwastan na ƙasar Kanada suka faɗa cikin wata gardama da ba ta saba zuwa teburinsu ba. Wani dillalin zane-zane na birnin Toronto ne ya so ya shigo da wasu akwatuna daga New York, aikin Andy Warhol. Dokar ƙasar ta yafe haraji a kan sassaƙen masu fasaha, amma kayan ciniki sai an biya musu kashi 20 cikin ɗari. Akwatunan nan kuwa, duk wanda ya kalle su zai rantse kwalayen soson wanke tukunya ne na kamfanin Brillo, irin waɗanda ake jibgewa a bayan kanti: farare, da rubutu ja da shuɗi, girma ɗaya, haruffa ɗaya. Aka nemi ra'ayin shugaban gidan adana zane na ƙasa, Charles Comfort. Ya duba hotunansu, ya ce wannan ba sassaƙa ba ce. A 1967 gidan adanan nan da kansa ya sayi guda takwas ya ajiye.

Bambancin da ke tsakanin kwalin kanti da akwatin Warhol bai taka kara ya karya ba. Na kanti da kwali aka yi shi, yana buɗuwa, akwai kaya a ciki. Na Warhol kafintoci ne suka harhaɗa shi da falankin katako, aka rufe shi ruf ta kowace fuska, ba komai a cikinsa. Zanen ma ba nasa ba ne: wani mai zane, James Harvey, shi ya tsara wa kamfanin kwalin don ya sami na abinci. Masanin falsafa Arthur Danto ya ga akwatunan a nunin da aka yi a New York cikin Afrilun 1964, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana bin tambayar abin da ya sa ɗaya ya zama fasaha ɗaya ya zama shara.

Ni abin da ya riƙe ni a labarin shi ne rubutun. A jikin kwali, sunan nan alkawari ne: buɗe ni, za ka sami soso. A jikin katakon da ba ya buɗuwa, haruffan nan dai ba su yi wa kowa alkawarin komai ba, sun koma abin kallo. Ko ɗigo ba a sauya ba. Abin da aka sauya shi ne wurin da kalmar ta sauka, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɗauke mata aikinta na farko ya ɗora mata wani. Mu masu hulɗa da rubutu mun saba tunanin cewa ma'ana tana cikin kalma, takarda ko allo ko bango abin ɗauko ta ne kawai. Masu bugun sikirin sun san ba haka abin yake ba, kuma da hannu suka san shi.

Hanyar da Warhol ya bi ya sauke rubutun nan a kan katako ita ce wadda masu buga riguna da huluna da jakunkunan biki suke bi yau a Kano da Kaduna da Maraɗi. Ba ta da wuyar ganewa. Sikirin firam ne na katako ko na alminiyom, a ɗaura masa ƙyalle mai ƙananan huji, a ja shi tamau. Da can siliki ne, yanzu zaren roba ne. Wanda ya taɓa ganin ana tankaɗe ya riga ya san rabin aikin: rariya ce aka toshe wasu idanunta aka bar wasu, abin da aka zuba ba ya sauka sai ta inda aka bar masa hanya. Toshewar da wani sinadari mai jin haske ake yin ta. A shafa shi a ɗaki mai duhu ya bushe, a ɗora masa rubutun da aka fitar baƙi wuluk a kan leda garai-garai, a kai rana ko a sa ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Inda haske ya taɓa sai sinadarin ya sandare. Inda baƙin harafi ya yi masa inuwa sai ya tsaya da taushinsa, ruwa ya tafi da shi. Daga nan rubutun ya zama huji mai siffar harafi. Sai a zuba tawada a gefe ɗaya na firam ɗin, a jawo ta zuwa ɗaya gefen da faffaɗar roba mai mariƙi. Kowane launi da nasa sikirin, kuma gwanin aiki ba ya barin ƙyallen ya kwanta a kan kayan: yakan bar ɗan tazara, yadda ba za su haɗu ba sai daidai layin da robar ta danna, ta wuce ya tashi.

Ƙyallen nan wata tsohuwar matsala ce ta kawo shi. Idan ka yanke harafin O a jikin kwali don ka shafa fenti ta cikinsa, tsakiyar za ta faɗo. Shi ya sa lambobin da ake bugawa a jikin kwantena da akwatunan kaya suke da ƴan yanke-yanke, gadoji ne da ke riƙe tsakiya. Marinan Japan, waɗanda suke yanka zane mai laushin gaske a jikin takardar da aka taurara da ruwan wani ɗanyen ɗan itace, sun daɗe suna riƙe irin waɗannan tsibirai da siraran zaren siliki. Da aka mayar da zaren nan ƙyalle guda, sai gadoji suka zama ba dole ba. A 1907 Samuel Simon na Manchesta a Ingila ya yi wa irin wannan dabara rajista, kuma ba a daɗe ba ta bazu a Amurka wajen masu allunan talla da tutoci.

Abin da ya raba ta da injin ɗab'i shi ne ba ta zaɓen wurin sauka. Inji takarda yake so, shimfiɗaɗɗiya, mai awo sananne. Sikirin kuwa shi yake zuwa wurin kaya: riga, buhu, gilashi, farantin ƙarfe, fata, tayil, bango. Har kwalba ma, sai dai ita juya ta ake yi a ƙarƙashinsa robar tana tsaye. Saboda haka idan ka shiga shagon mai bugu da takardarka a hannu, kafin ya karanta abin da ka rubuto tambayarsa ta farko ita ce, “Alhaji, a kan me za a buga?” Ba gaisuwar ciniki ba ce. Amsar ita za ta faɗa masa irin tawadar da zai haɗa, da irin ƙyallen da zai ɗaura, da ko aikin zai yiwu ma.

Auduga tana shan tawada, ta sha ta riƙe, shi ya sa ɗan koyo da ita yake farawa. Baƙar riga sai an fara shimfiɗa mata fari an busar, in ba haka ba ja da ɗorawa su nutse a cikinta. Rigar ƙwallo ta zaren roba ita ce mai yaudara. A buga farin suna a bayan jar riga, ya fito tas, a gasa shi yadda tawadar roba take buƙata, wajen digiri 160, a miƙa wa mai ita yana murna. Bayan ƴan kwanaki sunan ya koma ruwan hoda, domin zafin gashin ya ta da rinin rigar, ya hau cikin farin a hankali daga ƙasa. Robar jarka da ta bokiti ba ta riƙe tawada sam, sai an bi jikinta da harshen wuta na ɗan lokaci kaɗan kafin a buga, in ba haka ba farce ma ya isa ya ɓare rubutun. Katako yana sha ta wani layin ya ƙi sha ta wani, sai harafin ya fito da zanen itacen a cikinsa. Ƙarfe, in akwai ɗigon maiƙo ko sawun yatsa a jikinsa, nan tawadar za ta janye. Ba littafin da zai ba ka tabbacin waɗannan duka, domin roba iri-iri ce, fata ma kowace da jimarta. Mai bugun kirki kan nemi guda ɗaya ya gwada, ya bar shi ya kwana, ya manna masa salatif ya fizge, ya wanke, ya murza, kafin ya taɓa sauran ɗari biyun.

Ba ingancin bugu kaɗai wuri yake yankewa ba. Yana yanke yawan maganar da za a yi, da irin ta. Ƙyallen da ake buga riga da shi zare 43 ne a kowace santimita. Na gilashi da sitika da takarda mai santsi yakan kai 120, don ya iya riƙe siririn layi. Buhun shinkafa ko na taki, wanda aka saƙa da faffaɗan zaren roba, ba ya ɗaukar siririn layi ko da wane ƙyalle aka zo masa, harafin yakan karye a tsakanin saƙa. Don haka maganar buhu gajera ce, mai kauri: suna, nauyi, gari. Riga tana ɗaukar jimla ɗaya. Hula kalma biyu. Sau da yawa za ka ji mai bugu yana cewa, “Hajiya, a rage rubutun nan, jakar ba za ta ɗauka ba.” Sai a zauna a yi ta datsewa, addu'ar layi huɗu ta koma layi ɗaya, sunaye biyar su koma biyu. Wannan aikin edita ne, kuma jaka ce ta sa aka yi shi.

Rubutunmu yana da rauni na musamman a nan. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ita ce mafi siranta a jikin harafi, ita ce kuma take fara toshewa idan tawada ta soma bushewa a ƙyalle, ko ta ɓace a tsakanin saƙar buhu. Wani lokaci ma tun a kwamfuta ake yar da ita, saboda salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ita. Ajami ya fi shiga haɗari, tunda ɗigo ne yake raba wasu haruffansa da juna, ga kuma wasulla ƙanana sama da ƙasa. Bahaushen da ya iya karatu yana mayar da abin da ya ɓace da kansa, bai ma lura ya yi ba. Amma yaron da yake koyon karatu daga allunan titi da rigunan mutane, waɗanda su ne littafin farko na yara da yawa, ba shi da inda zai samo shi.

Riga ta fi kowane wuri ba ni tunani, domin ita ce take ba kalma mai magana. Rubutun bango ba a san bakin da ya fito ba. Rubutun ƙirji kuwa na mai ƙirjin ne, ko ya nufa ko bai nufa ba. Lokacin zaɓe ake ganin haka ƙarara. A buga fuskar ɗan takara da takensa a kan dubban riguna, a raba. Wani ya sa don ra'ayinsa ne. Wani ya sa don ba shi da wata rigar da ta fi ta, kuma ba mai ikon raba su da ido. Zaɓe ya wuce, rigar ba ta wuce ba. Ta koma ta zuwa gona, ta koma ta leburanci, alkawarin da ke jikinta yana ta yawo a kan mutumin da aka yi wa shi, shekara biyu, uku, har ta zama tsumman goge babur. Ban ɗauki wannan abin dariya ba. A ganina babu wata takardar tarihi da ta fi irin rigar nan faɗin gaskiyar siyasarmu, kuma ba wanda ya tsara ta faɗi hakan, daɗewar tawada ce da bukatar mai sawa suka haɗu.

Gwanjo ya zo da ɗaya fuskar. Riguna ne da aka buga wa wata makarantar sakandare, ko tseren tara kuɗin asibiti, ko taron dangi a wani ƙauyen Amurka. Can, duk wanda ya gan su ya san abin da suke nufi, har da ranar da aka yi abin. Nan sun iso da haruffansu cif, ma'anar ta tsaya a baya. Mai saye kauri yake dubawa, da launi, da ko wuyan ya saki. Ba yau aka fara ba. A 1935, da aka yi bikin cikar Sarki George na Biyar na Ingila shekara 25 a gadon sarauta, hotonsa da na matarsa ya bazu a ƙasashen da Ingila take mulka. Marinan adire na ƙasar Yarbawa suka ɗauke shi, suka yanka shi a faifan kwano, suna tura kunun rogo ta hujin a kan farin yadi kafin a tsoma a baba, dabarar da take ƴar uwa ce ta kusa ga bugun sikirin. Aka yi ta kwafar faifai daga faifai shekara da shekaru, har fuskokin suka sauya kama, haruffan da ke tare da su suka rikiɗe suka zama ado zalla, wasu a juye, wasu ba sa haɗa kalma. Zanen bai rasa masu so ba saboda haka. Yadi ya karɓi rubutun a matsayin zane, ya ajiye karatun.

Akwai waɗanda suka fahimci ƙarfin wuri tun kafin su ja robar farko. A watan Mayun 1968 ɗalibai da masu zane suka mamaye makarantar koyon zane ta birnin Faris, suka mai da ita ma'aikatar fastoci don mara wa ma'aikata masu yajin aiki baya. Sun fara da bugun dutse, suka ga yana da nawa, suka koma sikirin, wanda ba ya bukatar inji kuma kowa zai iya koya a yini ɗaya. Ba a sa hannun kowa a fasta, taro ne yake zaɓar wadda za a buga. Suka kuma bayyana a fili cewa wurin fastocin nan titi ne da bangon ma'aikata, wanda ya rataye su a falo don ado ya kashe su. Yau ga su a gidajen tarihi cikin gilashi, ana gwanjonsu da tsada, kuma gaskiyarsu ta fito: mai kallo yana yaba launi da tsari, ba wanda yake jin ana kiransa ya fito. A kudancin Afirka abin ya fi haka nauyi. Ƙungiyar Medu, ta masu fasahar da suka yi gudun hijira zuwa Gaborone a Botswana, ta riƙa buga fastocin adawa da mulkin wariyar launin fata ana tsallakar da su iyaka a ɓoye. Ran 14 ga Yunin 1985 sojojin Afirka ta Kudu suka kai hari Gaborone suka kashe mutum 12, cikinsu har da mai zane Thami Mnyele. Gwamnatin wariyar nan ta san bambancin kalmar da ke cikin littafi a kan kanta da wadda ke jikin abin da ma'aikaci yake riƙewa kullum a gaban abokan aikinsa. A 1983 kotunta ta ɗaure wani ma'aikaci saboda rubutun da ke jikin kofin shayinsa.

Gilashi shi ne ƙarshen dawwama. Rubutun da ke jikin kwalbar lemo ta mayarwa da garin gilashi mai launi ake buga shi, a shigar da kwalbar tanda mai zafin wajen digiri 600, ya narke ya zama jikinta. Ana wanke ta da ruwan zafi da soda duk zuwan da ta yi kamfani, rubutun bai san ana yi ba. Daga baya kwalbar ta fita daga layi ta shiga kasuwa, a zuba mata man gyaɗa ko zuma ko kananzir. Sunan yana cewa lemo, kowa yana ganin mai, ba kuma wanda ya ruɗe. A hannun mai man gyaɗa sunan ya zama mudu, shi yake faɗa wa mai saye girman kwalbar. Dabarar nan dai ita take buga baƙin gefen gilashin mota, da siraran layukan da ke gilashin baya masu korar raɓa, da zaren azurfa da ke fuskar faifan sola, da ƴar takardar gwajin sukari. Waɗannan ba don ido aka buga su ba, wuta ce take bi ta cikin mafi yawansu, kuma ba su ne damuwata ba a nan.

Damuwata tana wajen da muka fi kowa sanin wannan magana, muka kuma fi saurin mance ta. Malaman tsangaya sun daɗe da sanin cewa kowane wuri da tawadarsa. Ta allo da gawayi ko baƙin tukunya ake haɗa ta, da ƙaro, don ta kama itace ta kuma saki idan ruwa ya zo. Ta takarda daban ce, da ƴaƴan bagaruwa da kashin maƙera ake dafa ta, tana cin jikin takardar ta zauna, shi ya sa Alƙur'anan da aka rubuta a Kano da Borno a kan takardar nan mai tambarin wata uku, wadda fatake suke kawowa daga Italiya ta hamada, suke karantuwa har yau, da jan wasali da ɗorawar hamza. Allon karatu don wankewa aka yi shi. Allon zayyana na sauka don ajiya. Itace ɗaya ne, aya ɗaya ce, amma tun ranar da aka ɗauki alƙalami an san ƙarshen kowanne. Ruwan wankin allo ba a zubar da shi inda ƙafa take takawa: a sha shi, ko a kai shi wuri mai tsarki. Takardar da ta tsufa a ƙone ta ko a binne ta, kuma ƙonawar tana da asali tun zamanin Halifa Usman. Tsoho yana tafiya ya ga ƴar takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka ya soka ta a jikin katanga, ko da bai tsaya ya karanta ba. Mutanen da suke haka ba sa bukatar masanin falsafa ya gaya musu cewa inda kalma take kwance yana cikin hukuncinta.

Duniya ma ta taɓa cin karo da wannan. A 1994, shekarar da Saudiyya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, kamfanin McDonald's a Birtaniya ya buga tutocin ƙasashe 24 na gasar a jikin jakunkunan takardar da ake zuba abinci. Tutar Najeriya tana ciki, ita ma zuwanta na farko ke nan, kuma ba wanda ya ce uffan, tunda kore da fari ne kawai. Tutar Saudiyya kuwa tana ɗauke da kalmar shahada, jakar kuma makomarta kwandon shara da maiƙo a jikinta. Musulmi suka yi ƙorafi, kamfanin ya janye jakunkunan. Ba a zargi kowa da kuskuren harafi ba. Rubutun daidai yake, wurin ne bai dace ba. Ita tutar ma saboda kalmar da ke jikinta ba a sassauto ta rabin sanda don makoki, kuma ana yin ta yadda rubutun zai karantu daidai ta fuska biyu.

To mu fa? Walimar saukar Alƙur'ani, Maulidi, dawowa daga Hajji, ɗaurin aure: kowanne yanzu da kayan rabonsa. Jakar leda, kofin roba, faranti, mafici, hankici, riga, kalanda. Sau da yawa a saman sunan mai biki akwai Bisimilla, ko aya, ko salati, ko sunan Allah a cikin sunan mutum. Niyyar mai kyau ce, neman albarka ne, ban kuma taɓa shakkar haka ba. Amma tawadar da ake buga mafi yawansu da ita roba ce, an yi ta ne musamman don kada ta fita. Ruwa ba ya wanke ta. In an binne, ledar da kofin ba sa ruɓewa. In an ƙone, hayaƙin guba ne ga mai ƙonawa da maƙwabtansa. Hanyoyi ukun da kakanninmu suka tanada don sallamar rubutu mai alfarma cikin mutunci duk sun toshe a kan waɗannan kaya. Kofin ya fashe, jakar ta yage, rigar ta tsufa, kuma mun san inda irinsu suke ƙarewa idan damina ta zo ta cika kwatoci. Tsohon nan mai sunkuyawa ba zai iya tsince su ba, sun fi ƙarfin mutum ɗaya, dubu ake bugawa a yini.

Ba na cikin masu ganin laifin sana'ar. Ina ƙaunarta, domin tana cikin ƴan sana'o'in da matashi zai fara da firam biyu da tebur da hasken rana ya ci abinci, kuma ita ce ta ba ƙaramar makaranta da ƙungiyar unguwa da mai sabulun gida damar ganin sunansu a buge ba tare da sun je wurin mai babban inji ba. Masu yin ta mutane ne masu gwaji, kullum suna neman abin da zai kama jikin sabon kaya. Abin da nake so shi ne gwajin ya miƙe zuwa ɗaya ƙarshen. An ƙware wajen gano tawadar da ba ta fita. A gwada kuma wadda take fita idan lokacinta ya yi. Akwai tawadar ruwa, wadda take shiga cikin zaren auduga maimakon ta kwanta a kansa, ta tsufa tare da yadin. A kan takarda, kunun sitaci da aka zuba wa launi yana bi ta sikirin lafiya lau, kuma marinan Japan da na ƙasar Yarbawa sun nuna tun tuni cewa kunu yana riƙe zane mai laushi. Takardar da aka buga da irin wannan tana jiƙuwa, tana ƙonuwa, tana ruɓewa a ƙasa.

Mai bugun da ya iya ce wa Hajiya ta rage rubutu saboda jakar ba za ta ɗauka ba, zai iya ce mata kuma, “Hajiya, ayar nan mu sa ta a katin gayyata, ko mu buga ta a takarda mai kauri a sa a firam. Kofi da leda a bar su da suna da kwanan wata.” Ba zai yi asarar ciniki ba, aiki biyu ma ya samu maimakon ɗaya. Na kuma tabbata mafi yawan masu biki za su karɓa da godiya, domin ba su taɓa nufin ayar ta bi kofin zuwa inda zai ƙare ba, tunanin ranar walima ne ya cika musu kai. Sunan yaron da ya sauke, da sunan makarantarsa, da shekarar, sun isa kofi ya yi aikinsa na tunawa, kuma haruffan za su fi fitowa da girma tunda an rage musu cunkoso.